Wace bishiya ta dace da ƙaramar tsakar gida a Jidda?

Abu_Sadik_Jidda:
Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyaye da 'yan'uwa na wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni sanin harkar shuke-shuke a ƙasar nan. Bayan rushe-rushen tsofaffin unguwanni da aka fara a Jidda a ƙarshen 2021, mun koma wani gida na ƙasa a gabashin gari, kuma gidan yana da tsakar gida mai tsawon mita 9 da faɗin mita 6, wadda har yanzu babu komai a cikinta sai ƙasa da ɓaraguzan gini. Ɗakuna suna gabas, ƙofar gida tana arewa, katangar maƙwabta ta kewaye mu ta yamma da kudu, hazzani, wato tankin ruwa, kuma yana binne kusa da ƙofa. Mahaifiyata tana son a dasa dogon yaro domin ta sami inuwar da za ta shimfiɗa tabarma, uwargida tana son koriyar ciyawa da furanni, wani mai sayar da dashe kuma ya ce in jera bishiyar bazromiya (wadda ake kira conocarpus) a jikin katanga domin tana saurin girma, tana kuma kare gida daga idon masu bene. Wace shawara za ku ba ni kafin in kashe kuɗi?

Kawu_Rusaifa:
Wa alaikumus salam. Ɗana, duk abin da za ka dasa, ka nisanci bazromiya. Gaskiya ne tana da saurin girma, tana jure zafi da gishiri, kuma ganyenta kore ne rani da hunturu, amma saiwarta tana bin danshi duk inda yake, kuma a gida irin naka danshin yana cikin bututu da hazzani. Wani maƙwabcina ya jera ta a jikin katangarsa, 'yan shekaru kaɗan bayan haka ruwan banɗakinsa ya daina wucewa, da aka tona sai aka tarar saiwa ta cika bututun ta toshe shi gaba ɗaya. Ya sare itatuwan, ya sake bututu, kuma kututturan ba su daina toho ba sai da aka tumɓuke su. Bishiya ce ta bakin gona da filin da babu gini, inda ake son a tare iska da ƙura.

Ummu_Hafsa:
Maganar Kawu haka take. Mu tayil ɗin ƙofar gida ta ɗaga mana, alhali ba ma a cikin gidanmu aka dasa ta ba.

Dan_Maiwurno:
Malam Abu Sadik, ni ina bayan Hajiya mahaifiyarka, kuma ba don biyayya kaɗai ba. Na tashi a Maiwurno, a gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, inda da wuya ka shiga gida ba ka tarar da dogon yaro da rumfa da randar ruwa a ƙarƙashinsu ba, kuma a nan ake yini, a nan ake karɓar baƙi, a nan yara suke karatun allo. Idan kana shakkar ko zai rayu a zafin Hijaz, ka tuna da filin Arfa: dubban itatuwan da alhazai suke fakewa a ƙarƙashinsu dogon yaro ne, kuma sun jure zafin da ya fi na Jidda. Yana buƙatar ruwa a shekara biyu na farko, bayan haka kaɗan ya ishe shi. Inuwarsa mai kauri ce, ƙwari ba su cika damunsa ba, akuya ma ba ta rububinsa. Ciyawa kuwa ado ce da ba a zama a kanta da rana, domin ba ta da inuwa.

Injiniyan_Riyad:
Ina girmama ra'ayin ɗan'uwa Ɗan Maiwurno, sai dai ya kamata mu koma ga awon da mai tambaya ya bayar. Dogon yaro idan ya sami ruwa yana haura mita 15, rassansa kuma suna iya buɗewa su rufe faɗin da ya fi mita 6 ɗin da ake magana a kai. Bishiya mai irin wannan girma ana so a nisanta ta da gini da hazzani da kamar mita 4 zuwa 5. A fili mai faɗin mita 6, ko a tsakiya aka dasa shi, mita 3 ne kawai tsakaninsa da ɗakuna, mita 3 kuma tsakaninsa da katangar maƙwabci. Gidajen Maiwurno da na Kano da muka sani suna da fili mai yalwa, kuma babu tankin siminti cike da ruwa a binne a ƙarƙashinsu.

Akwai kuma abin da ya kamata a fahimta game da rana a wannan yanki kafin a yanke inda za a sa komai. Kowa ya san cewa rana tana daidaita a saman Ka'aba sau biyu a shekara, wajen 27 ko 28 ga Mayu da kuma 15 ko 16 ga Yuli, kuma Jidda tana kusan layi ɗaya da Makka. Ma'anar wannan ita ce, a tsakiyar bazara katanga ba ta ba da inuwa da tsakar rana ko kaɗan, sai abin da yake bisa kai, wato rumfa ko rassan bishiya. Da la'asar katangar yamma za ta jefo inuwa cikin gida, amma ranar yamma za ta ci gaba da dukan bangon ɗakunanku da yake kallonta har sai ta yi ƙasa sosai. A hunturu kuma rana tana karkata kudu, saboda haka gindin katangar kudu zai kasance cikin inuwa a daidai lokacin da ake noman kayan miya. Shawarata ita ce a kafa rumfa a jikin ɗakuna, a sa fangalin kayan miya ta wajen arewa maso yamma, a kuma bar ɓangaren arewa babu abu mai duhu, domin iskar Jidda galibi daga arewa da arewa maso yamma take zuwa.

Game da ciyawa, a watannin zafi kowace murabba'in mita tana iya shan lita 8 zuwa 10 a rana. Idan ka shimfiɗa ta a murabba'in mita 30, kana maganar lita 300 a rana, wato kubik 9 a wata.

Abu_Fahad:
Injiniya, lissafinka daidai ne, amma kada a tsorata mutum fiye da kima. Kuɗin ruwa a nan mataki-mataki ne: kubik 15 na farko kusan kyauta ne, wanda ya haura kubik 60 a wata kuma yana biyan riyal 6 a kan kowane kubik na sama, ban da kuɗin magudanar ƙazanta. Ko a mataki mafi tsada, kubik 9 bai fi ƙarfin mai gida ba. Inda matsalar take ita ce lokacin da ruwan famfo ya yi jinkiri aka koma sayen ruwan wayit, wato tankar ruwa, domin a ranar babu wanda zai zuba ruwan da ya saya a kan ciyawa alhali yara suna jiran wanka, kuma ciyawa ba ta jure kwanaki babu ruwa a watan Yuli.

Hajiya_Misfala:
'Ya'yana, ina ta karanta maganganunku, kuma har yanzu babu wanda ya tambayi wanda zai yi shara. Dogon yaro yana zubar da ganye sosai a ƙarshen hunturu, bayan haka ya zubar da fure, bayan haka kuma 'ya'ya, waɗanda tsuntsaye da jemagu suke ci su ɓata daɓe. Maza ne suke dasawa, mata ne suke sunkuyawa da tsintsiya safe da yamma. Ban ce kada a dasa ba, amma a sani.

Abu na biyu, tsakar gidan Bahaushe wurin aiki ce da wurin taro. A nan ake shanya, a nan ake ɗora tukunyar suna da ta biki, a nan ake ɗaure ragon layya, a nan ake shimfiɗa ledar buɗa-baki idan dangi sun zo. Idan aka cika ta da ciyawa da furanni, ranar da Allah Ya kawo taro za a rasa inda za a sa mutane, kuma rago ɗaya ya isa ya gama da furen shekara guda a dare ɗaya. Ku bar tsakiya a buɗe, ku tura shuka gefe. Ni abin da na fi amfana da shi a gidana shi ne zogale da lalle. Zogale yana girma cikin watanni, saiwarsa ba ta ta'adi, idan aka sare kansa daidai ƙirjin mutum sai ya yi rassa, kuma ba mu rasa ganyen kwaɗo da na dambu ba. Lalle kuwa shinge ne mai kyau a jikin katanga, furensa yana da ƙamshi, ganyensa kuma ba sai na faɗa wa mata amfaninsa ba.

Ummu_Hafsa:
Allah Ya ƙara girma, Inna. Ina so in ƙara wa uwargidan Malam Abu Sadik bayani a kan ciyawar roba, domin da yawa daga cikinmu can muke komawa idan an hana mu ta gaske. Idan a ƙarƙashin rumfa take, babu laifi, tana da kyan gani kuma yara suna jin daɗin wasa a kanta. Idan kuwa rana tana dukanta kai tsaye, tana yin zafin da ba a iya taka ta da ƙafa babu takalmi, ƙura tana shiga cikinta, kuma idan kyanwa ta yi fitsari a kai warin ba ya fita da sauƙi.

Mai_Mashtal:
Tunda sana'ata ke nan, wato rainon dashe da sayar da shi a mashtal, bari in ce wani abu, kuma ba zan kare wanda ya ba da shawarar bazromiya ba, illa dai in ce mutane ne suke zuwa suna neman abin da zai rufe katanga cikin shekara ɗaya, shi kuma ya ba su abin da suka nema. Alhaji Abu Sadik, kafin ka zaɓi bishiya ka fara gyara ƙasa, domin mafi yawan dashen da yake mutuwa a gidajen Jidda ƙasa ce take kashe shi. Ɓaraguzan da ka ambata suna da siminti da farar ƙasa, dole a kwashe su. A haƙa rami mai faɗin mita ɗaya da zurfin mita ɗaya, a cika shi da ruwa, a bar shi ya kwana. Idan da safe ruwan ya tsotse, wurin ya yi. Idan yana nan, ko kuma tun ana haƙa aka ga ruwa mai gishiri yana tsatsowa, kamar yadda yake faruwa a wasu unguwannin da suke kusa da teku, to sai a gina fangali mai tudu a zuba sabuwar ƙasa a ciki.

Ramin ana cika shi da ƙasar noma mai yashi haɗe da takin dabbobi wanda ya riga ya ruɓe ya huce. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma kawo ƙuda da gara. Lokacin dashe daga Oktoba ne zuwa Fabrairu. Wanda ya dasa a watan Yuni, ko wane irin ruwa ya zuba, wahala kawai zai sha. Idan ni ne mai wannan fili, zan sa lemun tsami guda ɗaya mai aure, irin ƙananan nan da ake kira banzahir, zan sa ful, wato yasmin mai farin fure, kusa da inda ake zama saboda ƙamshinsa da dare, in kuma ɗora jahannamiyya, shukar nan mai hawa bango da fure kala-kala, a kan katangar yamma, domin tana son rana, ba ta son ruwa da yawa, kuma ita ce za ta ba uwargida launin da take nema. Abin da ban yarda a sa a gidan yara ba shi ne shukar adon nan da ake kira dafla, domin duk jikinta guba ne, daga ganye har fure.

Bakon_Bahra:
Malam Mai Mashtal, lemun tsami ba ya yi a Jidda saboda ruwan garin gishiri ne. Nawa ganyensa ya koma rawaya, wanda ke gidan yayana ma haka.

Mai_Mashtal:
Ɗan'uwa, a nan akwai gyara. Ruwan famfon Jidda da na Makka ruwan teku ne da aka tace, mafi yawansa daga Shu'aiba, kuma gishirinsa kaɗan ne. Wanda yake da gishiri shi ne ruwan rijiya da wasu masu wayit suke kawowa. Ka duba ganyen lemun naka da kyau. Idan bakin ganyen ne ya bushe kamar an ƙona, kuma akwai farin ɓawo a saman ƙasa, wannan gishiri ne, maganinsa kuma a riƙa yi wa gindin ambaliya da ruwa mai daɗi lokaci-lokaci domin ya tura gishirin ƙasa. Idan kuwa sabon ganye ne ya yi rawaya alhali jijiyoyinsa kore ne, wannan ƙarancin sinadarin ƙarfe ne, domin ƙasarmu mai kanwa ce, tana riƙe ƙarfen ta hana saiwa ɗauka. Ana sayar da jan garin sinadarin a shagunan kayan noma, a jiƙa a zuba a gindi. Yawan ban-ruwa ma yana ƙara wannan cutar.

Abu_Fahad:
Akwai ruwan da muke zubarwa kullum a Jidda ba tare da mun lura ba, wato ruwan da yake ɗiga daga mukayyif, injin sanyaya ɗaki. Saboda laimar garin, na'ura ɗaya tana iya tara lita da yawa a yini a lokacin bazara, kuma ruwa ne da ba shi da gishiri. Na haɗa tiyon na'urorin gidana zuwa gindin zogale da ful, kuma a watannin da suka fi zafi, waɗanda su ne shuka ta fi ƙishirwa, a lokacin ne ruwan ya fi yawa. Haka ruwan alwala da na wankin shinkafa da kayan miya, duk suna da amfani muddin babu sabulu mai ƙarfi a ciki.

Injiniyan_Riyad:
Wannan dabara ta mutanen gaɓar teku ce. Mu a Riyad iskar a bushe take, abin da na'ura take ɗigarwa a bazara bai taka kara ya karya ba, kuma ina jin Makka da Madina ma ba za su kai Jidda ba.

Ummu_Ammar_Nas:
Ina roƙon a yi hattara da batun tara ruwa. Zazzaɓin dengi ya bayyana a Jidda tun 1994, kuma har yau ana samunsa a Jidda da Makka da Jazan. Sauron da yake kawo shi a cikin ruwa mai tsabta yake ƙwai, kuma da rana yake cizo. Farantin da ake sawa a ƙarƙashin tukunyar fure, bokitin da aka tara a bakin mukayyif, da ƙaramin kwamin ruwan ado da ba ya gudu, duk gidajensa ne, kuma cikin kamar mako guda ƙwan yake zama sauro. A kai tiyo gindin shuka kai tsaye kamar yadda Abu Fahad ya yi, a rufe duk abin da aka tara ruwa a ciki, a kuma zubar da ruwan faranti a wanke shi kowane mako.

Kawu_Rusaifa:
Tunda ana maganar sarewa da rage rassa, ina da tambaya ga malamanmu. Mu da muke cikin iyakar Harami, idan mutum ya dasa bishiya a gidansa ta zo ta dame shi, ya halatta ya sare ta? Na ga wasu dattawa suna ƙin dasa komai saboda tsoron wannan.

Almajirin_Haram:
Kawu, Allah Ya saka da alheri. Hanin da ya zo a kan sare itatuwan Harami da cire ciyawarsa, ban da ciyawar nan mai ƙamshi da ake kira izhir, mafi yawan malamai sun ɗauke shi a kan abin da ya tsiro da kansa. Abin da mutum ya shuka da hannunsa, irin su dabino da kayan lambu da itacen da ya dasa a gidansa, Malikawa da Hanafawa da Hanbalawa sun halatta a sare shi. Shafi'awa ne suka faɗaɗa hanin ya haɗa da itacen da aka dasa. Saboda haka bai kamata tsoron wannan ya hana mutum dashe ba, balle ga falalar da ta tabbata cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar Musulmi sadaka ce a gare shi. Abin da ya fi shafar mai tambaya, tunda Jidda ba Harami ba ce, shi ne haƙƙin maƙwabci: idan rassa suka ƙetare katanga ko saiwa ta yi masa ɓarna, yana da damar neman a kawar da cutar. Allah ne mafi sani.

Abu_Sadik_Jidda:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Bazromiya dai ta fita daga lissafi. Na karanta wa Hajiya maganar Injiniya, ta ce ita ba ta ga dalilin da zai sa a ji tsoron bishiyar da za a iya yi wa aski ba. Na auna, daga bakin hazzani zuwa kusurwar kudu maso yamma akwai fiye da mita 7, amma kusurwar tana manne da katangar maƙwabta biyu. Uwargida ta haƙura da ciyawar gaske idan za a ba ta ful da jahannamiyya. Saura batun babbar inuwa.

Dan_Madina:
Me ya sa babu wanda ya ambaci dabino? Saiwarsa sirara ce, ba ta yin kauri irin na sauran itatuwa, shi ya sa za ka gan shi dab da gini bai fasa komai ba. Ba ya zubar da ganye, wanda hakan ya warware damuwar Inna Hajiya ta Misfala, kuma bayan shekara huɗu ko biyar da dasa ɗansa yana fara 'ya'ya. Sai dai a tabbatar macen aka saya, a kuma sami mai yi mata barbara da garin furen namiji a lokacinsa.

Hajiya_Misfala:
Ɗana na Madina, dabino albarka ne, amma shekarunsa na farko ƙayarsa tana daidai idon yaro, kuma kafin ya yi tsayin da za a zauna a ƙarƙashinsa an daɗe ana jira. Baiwar Allah tana neman inuwar da za ta sha yanzu.

Mai_Mashtal:
Ƙari a kan haka, laimar Jidda ba ta yi wa 'ya'yan dabino daɗi kamar busasshiyar iskar Madina da Kasim. Wanda kuma zai saya ya saya daga wurin da ake dubawa, saboda jan ƙwaron dabino, wanda aka fara gani a ƙasar nan a Kaɗif a 1987, yana cin cikin kututture ba a sani ba har sai itacen ya faɗi, kuma ta hanyar ɗaukar dashe daga wuri zuwa wuri ya fi yaɗuwa. Idan ana son abin da yake tsakanin dogon yaro da zogale, a duba magarya mai aure, irin mai manyan 'ya'ya da ƙarancin ƙaya. Tana jure zafi da gishiri, tana karɓar aski, ana cin 'ya'yanta, ganyenta kuma kowa ya san amfaninsa. Amma ita ma kada ta matsi katanga.

Dan_Maiwurno:
Injiniya, ban musanta awonka ba, amma bishiya tana bin tarbiyyar da aka yi mata. Idan aka dasa dogon yaro mita 2 da rabi daga kowace katanga ta kusurwar, aka zura zoben siminti a ramin domin ya tilasta wa saiwa yin ƙasa, aka riƙa ba shi ruwa mai yawa jefi-jefi maimakon yayyafi kullum, aka kuma sare kansa duk shekara ya tsaya a mita 5 ko 6, ban ga abin da zai ɓata ba. Yayyafin kullum ne yake sa saiwa ta kwanta a sama ta ɗaga tayil.

Injiniyan_Riyad:
Batun ban-ruwa mai zurfi gaskiya ne, na yarda da shi. Zoben siminti kuwa jinkirtawa yake yi, domin saiwa tana bi ta ƙarƙashinsa ta sake tasowa inda danshi yake. Askin shekara-shekara kuma alkawari ne da za a ɗauka na shekara ashirin ko fiye, kuma a shekarar da aka yi sakaci bishiyar ba za ta jira ba. Har yanzu ina ganin rumfa mai ginshiƙan ƙarfe, wadda aka ɗora wa soso ko jahannamiyya, za ta ba Hajiya inuwa tun makon farko idan aka fara rufa mata yadin inuwa kafin shukar ta hau.

Abu na ƙarshe da nake so a lura da shi shi ne gangaren daɓe. Ruwan saman Jidda kaɗan ne a shekara, amma idan ya zo a dunƙule yake zuwa. Ba mu manta da ambaliyar 25 ga Nuwamba 2009 ba, wadda ta ci rayuka fiye da 100, kuma a 24 ga Nuwamba 2022 an auna milimita 179 a kudancin gari cikin sa'o'i 6. A fili mai murabba'in mita 54, ruwa irin wannan ya haura lita 9,000, ban da wanda indararo zai sauko da shi daga rufi. A karkata daɓe ya nufi wuriya, a ɗaga bakin hazzani sama da daɓen, kuma kada fangali ya tare hanyar ruwa.

Gwaggon_Yara:
Ni gidan haya nake, saboda haka duk lambuna a cikin rabin duro da manyan tukwane yake, kuma ina ba Malam Abu Sadik shawara ya fara da haka a shekarar farko kafin ya fasa ƙasa. Tukunya ana iya jan ta daga wuri zuwa wuri har a gane inda kowace shuka ta fi so. A hunturu ina samun yakuwa da alayyahu da tumatir da na'ana'a da ɗoɗɗoya, kuɓewa da lalo kuma su ne suke jure zafi idan bazara ta shigo. A huda gindin duron, a ɗora shi a kan bulo, a kuma guji baƙar roba a rana domin tana dafa saiwa. Na'ana'a dai a ware mata tukunyarta, in ba haka ba za ta mamaye kowa.

Ummu_Hafsa:
Gwaggo, shin furen wardin Ɗa'if yana yi a tukunya a nan Jidda? Uwargidan mai tambaya za ta so shi.

Gwaggon_Yara:
'Yata, Ɗa'if tana kan dutse, tsayinta ya kai kamar mita 1,800, kuma sanyin hunturun can ne yake sa wardin ya yi fure a watannin Maris da Afrilu. A Jidda zai iya rayuwa ya yi ganye na ɗan lokaci, amma kada a sa rai da furen. Ful shi ne ɗan gida a gaɓar teku, shi ya sa Jazan ta yi suna da shi.

Abu_Sadik_Jidda:
Mun zauna da Hajiya da uwargida. Za a fara kwashe ɓaraguzai a gyara gangare, a kafa rumfa a jikin ɗakuna, a bar tsakiya a buɗe kamar yadda Inna ta Misfala ta ce, zogale da lalle da jahannamiyya kuma su bi katangar yamma. Za a haƙa rami ɗaya a ɓangaren kudu maso yamma a gwada shi da ruwa. Abin da zai shiga ramin ne ba mu daidaita ba, Hajiya tana kan dogon yaro, ni kuma na karkata ga magarya, kuma zan yi magana da maƙwabtan biyu kafin Oktoba.

Mai_Mashtal:
Ko wanne kuka zaɓa, Alhaji, kada ka sayi wanda ya fi kowanne tsayi a mashtal don gaggawar inuwa. Ka sa a zare shi daga ledar ka duba, idan saiwar ta nannaɗe tana zagaya gindi, ka bar shi, domin irin wannan ba ya kafuwa da kyau kuma iska tana iya kayar da shi bayan ya yi nauyi. Ɗan dashe mai tsayin mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, mai miƙaƙƙen jiki, yakan kamo babban cikin shekara biyu. A dasa shi da yamma, kada a binne wuyansa fiye da yadda yake a leda, a kafa masa sanda ta ɓangaren da iska take zuwa.

Dan_Maiwurno:
Idan dogon yaron aka tsayar, ba sai an saya ba. Akwai 'ya'yansa da suka tsiro a gindin nawa, zan ware guda biyu a leda tun yanzu domin su yi ƙwari kafin sanyi ya shigo.